Tukunyar da Ta Tafi a Bakin Bashi

Wake da shinkafa na sayar a Nima, unguwarmu a birnin Ankara, tun ina amarya har gwiwoyina suka ƙi ɗaukata. Rumfata tana bakin babbar kwata, daidai inda aka gitta katako mutane suna tsallakawa zuwa Maamobi. Duk wanda ya zauna a unguwar nan a shekarun can ya ce bai ci wakena ba, to baƙo ne, ko kuwa hancinsa a toshe yake.

Tukunyar da nake dafawa ta mahaifiyata ce. Baƙar tukunyar ƙarfe mai ƙafa uku, wadda sai ƙarti biyu suke iya ɗaga ta. Daga Salaga ta zo da ita a bayan motar goro, ta yi sana'a da ita a Kumasi, da ta ga ƙarfinta ya ƙare ta aiko mini. Ba ta bar mini gida ba, ba ta bar mini zinariya ba. Tukunyar nan ce gadona, kuma ban taɓa jin an cuce ni ba. A cikinta na ciyar da 'ya'yana, na sai musu takalman makaranta.

Abin da aka san ni da shi bayan daɗin girki shi ne gyara. In na zuba wa mutum na kuɗinsa a ganye, na sa shito, wato soyayyen yajinmu, da gari da ɗan taliya, sai na ƙara rabin ludayi a kai. Namu su ce, "Mma, gyara." Asantawa su ce, "Maame, to so." Tun kafin su rufe baki na riga na ƙara. Haka na ga mahaifiyata tana yi.

Manyan masu sayena leburorin gyaran hanya ne na gwamnati. Da sassafe suke taruwa a mararraba suna jiran motar da za ta kwashe su, su ci bashi, in wata ya mutu aka biya su su zo su sallame ni. Ban taɓa bin ɗayansu gida ba. A cikinsu akwai wani tsoho Bazabarme mai ɗaukar bokitin kwalta. Haƙoransa sun zube saura 'yan kaɗan, amma ba abin da yake so sai ƙanzon gindin tukunya, a jiƙa masa da miya. Hausarsa irin ta Zango ce, mace da namiji duk "kai" ne a wurinsa.

"Mma, yau kai ya yi rowa," haka zai ce, ganyen kuwa har yana zuba.

"Baba, cikin nan naka rijiya ce? Wanda na zuba jiya ina ya tafi?"

"Kwalta ya shanye. Ka bar wannan tela ka aure ni, in huta da biya."

"Da wane haƙorin za ka tauna naman biki?"

Sai leburorin su kwashe da dariya, shi kuwa ya ci gaba da tsotsar ƙanzonsa. Telan da yake faɗi maigidana ne, shagonsa yana bayan rumfata, yana jin komai. Bai taɓa ɗaga kai daga keken ɗinkinsa ba.

Sai shekarun wahala suka shigo. Aka yi fari, daji ya ƙone, muka yi layin sabulu da sukari tun rana ba ta fito ba. Wannan mun jure, don mun san daga Allah ne. Bayan ruwa ya dawo kaya suka dawo kasuwa, sai kuma kuɗi ya zama ba ya sayen komai. Sidin, kuɗin ƙasarmu, da ka riƙe da safe, kafin la'asar ya rame. Maigidana yana da rediyo da yake rataye a ƙusa, shi ke ba ni labarin duniya in na zo kankare tukunya.

Ya ce, "Ƙasar ce ake bi bashi. Masu kuɗi na waje sun ce za su ƙara mana rance, amma da sharaɗi. A rage ma'aikata. Asibiti a biya kafin a taɓa mutum. Makaranta ma a biya."

Na ce, "Wa ya ci kuɗin farkon?"

"Gwamnatocin da suka wuce."

"Suna ina?"

"Wasu suna kabari, wasu suna ƙasashen waje."

"To bashin fa?"

Ya gyara zare a allura ya ce, "Shi yana nan lafiya lau."

Ba a daɗe ba aka sallami leburorin nan. Aka ce musu za a ba su kuɗin sallama, su je su jira. Suna ta jira. Na watan da ya gabata ba su biya ni ba, na wanda ya biyo baya ma haka, ni kuwa ban hana kowa ba, don ina ganin yau ko gobe kuɗinsu zai fito. Daga baya sai na lura sun daina bi ta kan katakon nan. Magidanta da furfura suna zagayawa ta can ƙasa inda kwatar ta fi wari, suna tattare wando, don kada mu haɗa ido. Wannan ya fi rashin kuɗin ci mini rai. Tsohon nan ne kaɗai bai fasa zuwa ba. Ba ya wasa kamar dā. Zai zauna a ƙarshen benci, in kankaro masa ƙanzo, ya ci ya ce, "Mma, in kuɗi ya fito," ya tafi.

Ni ma ana bina. Shinkafar da nake dafawa daga wurin wata Hajiya nake ɗauka, mai shago a Tudu, gidanta kuma a Maamobi. Ta girme ni. Ita ta riƙe ɗana na fari ranar suna. Tsarinmu shi ne in ɗauki buhu, in ya ƙare in kai kuɗi in ɗauki wani. Da abin ya lalace na kai rabi, na sake kai ƙasa da rabi, har ranar da na je hannu wofi. Ba ta tozarta ni a gaban mutane ba. Bayan kwana kaɗan ta zo har ɗakina da yamma, ta cire takalmi, ta sha ruwa, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya.

Sannan ta ce, "Ƙanwata, ba zan yanke miki shinkafa ba. Amma ni ma mai jirgin da nake saye a wurinsa da kuɗin waje yake lissafi, kullum sai ya ƙara. In na faɗi, ke ma kin faɗi. Zan ci gaba da ba ki, amma sai kin bi abin da zan gaya miki."

Ta buɗe jaka ta fito da wani ludayin gorar-ruwa, sabo fil, ɗan ƙarami kamar na shayar da jinjiri. Ta ce da shi zan riƙa zubawa. Ba gyara. Ba bashi, ko ga liman. Duk abin da leburori suka biya daga tsohon bashi, hannunta zai tafi kai tsaye. Tukunyar kuma jingina ce: tana wurina ina dafawa, amma ranar da na karya sharaɗi, tata ce.

Na dubi ludayin nan na ce, "Hajiya, wannan ai na ba yaro magani ne."

"Maganin ne. Ki sha ki warke."

Ina so a fahimce ni, Hajiya ba muguwa ba ce. Na san mata a Tudu da za su turo 'yan dako su kwashe har tabarmar ɗaki. Ita ta zo da kanta, ta kira ni ƙanwa. Na yarda, maigidana ya zama shaida.

Na bi sharaɗin nan da gaskiya. Mutum ya ce gyara, in kau da kai kamar ina neman wani abu a ƙarƙashin tebur. Wata Ba'asantiya mai sayar da gawayi ta ɗaga ganyenta ta juya shi ta ce, "Maame, yau azumi kuke?" Masu saye suka fara raguwa, don wanda ya zo da ɗan kuɗinsa so yake ya ƙoshi. Cinikin ya ragu, buhun ya ƙara tsada, abin da nake kai wa Hajiya a mako bai kai abin da buhu ya ƙaru da shi ba. Ina biya, bashin yana girma. Na gaya mata, ta ce in ƙara haƙuri, in ta kama ma in rage wake a cikin shinkafar.

Tsohon ya zo sau ɗaya bayan haka. Na gaya masa gaskiya, cewa an ɗaure mini hannu. Ya ce, "Ba komai, Mma, kai ma talaka ne." Ƙanzo ba ya cikin lissafin Hajiya, don ba a sayar da shi, sai na riƙa aika masa a kwano ta hannun abokin ɗakinsa, wani Badagombe da aka sallame su tare, mai mata da 'ya'ya a can arewa suna jiran aike.

Ciwon ƙirji ya kwantar da tsohon a farkon damina. An kai shi asibiti, aka ce a kawo kuɗi tukun, suka dawo da shi. Wata Laraba da hantsi aka zo aka ce ya cika.

Ba shi da kowa a Ankara. Muka taru a gidan hayar da yake zaune a Maamobi, mata a ɗakin matar mai gida, maza a lungu inda aka shimfiɗa tabarmi. Hajiya ta zo, don gidanta ba nisa, ta zauna kusa da ni. Tagar ɗakin tana kallon lungun, muna jin komai. Aka yi masa wanka, aka sa shi a likkafanin da 'yan unguwa suka haɗa, aka ajiye makara.

Kowa ya san al'adar. Kafin a yi wa mamaci salla, liman yakan tsaya ya tambayi jama'a ko akwai mai bin sa bashi, don kada a kai shi kabari da nauyin wani a wuyansa. Ko dai a biya nan take, ko wani ya ce ya ɗauka, ko mai bashin ya yafe. Limaminmu na lokacin ba ya yin tambayar nan don cika al'ada kawai. Yana tsayawa ya jira.

Mai gidan ya ce kuɗin haya ya yafe. Wani mai shayi ya ce ya yafe. Liman ya ci gaba da jira. Can na ji muryar Badagomben nan, ƙasa-ƙasa, yana cewa, "Malam, akwai na Mma mai wake. Ya daɗe yana ci. Kafin ya rasu ya ce in faɗa." Sannan ya ce, "Na ɗauka. In kuɗin sallama ya fito zan biya."

Mutumin nan shi ma ina bin sa. Rigar da ke jikinsa maigidana ne ya yi mata faci kyauta. Waken da tsohon ya ci, ko loma ɗaya bai shiga cikinsa ba.

Liman ya matso bakin taga, bai leƙo ba, ya ce, "Mma mai wake tana ciki? Kin ji. Wannan bawan Allah ya ɗauka. Kin amince da shi?"

Hajiya ta dafa gwiwata. Da murya ƙasa ta ce, "Ki ce kin amince. Mamaci ya huta, ke kuma kin sami mai biya. Ba wanda aka zalunta. Kuma ki tuna kuɗin nan ba naki ba ne."

Gaskiya ta faɗa, har yau ban ce ta yi ƙarya ba. Shinkafarta ce tsohon ya ci. Na san abin da muka yi alkawari, na san abin da ke jingine. Wata mata ta taɓa ni ta ce ana jira, rana tana yi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne Badagomben nan zai koma zagayawa ta ƙasan kwata da bashin mutum biyu a kansa, in ya sami kwabo ya rasa ko 'ya'yansa zai aika wa ko ni.

Na ɗaga murya yadda na saba kiran masu saye, na ce, "Malam, kada kowa ya ɗauka. Na yafe masa, duniya da lahira."

Liman ya ce Allah ya saka da alheri. Aka tada kabbara. Hajiya ta ɗauke hannunta daga gwiwata ta gyara mayafi.

Tare muka fito bayan maza sun tafi maƙabarta. Muka yi tafiya mai ɗan tsawo, muna kauce wa ruwan da ya kwanta a lungu. Sai da muka zo kan katako ta ce, "Kin yi sadaka da shinkafata. Ladan wa zai samu, ni ko ke?"

Na ce, "A raba mana, Hajiya. Ki ɗauki babban kashi."

Ta kusa yin dariya, ta danne. Ta ce, "Da bakinki kika karya sharaɗi, a gaban liman da rabin Maamobi. Mata nawa ne ke ɗaukar buhu a wurina? In na ƙyale ki, gobe kowace ta tashi da yafiya, ni kuma mai jirgi ba ya zuwa jana'iza. Jibi zan aiko."

"Ki aiko da masu ƙarfi. Tana da nauyi."

Maigidana yana cikin sahu, ya ji komai da kunnensa. Washegari ban dafa ba. Na fito da tukunyar tsakar gida na kankare ta da yashi da toka ciki da waje, na shafe ta da man ja har tana ƙyalli. Ba zan yarda a ce tukunyar mahaifiyata ta shiga gidan mutane da dauɗa ba. Da 'yan dakon suka zo da kurarsu, na sa suka shimfiɗa buhu kafin su ɗora ta, na ɗora ƙaramin ludayin nan a ciki. Na raka su har bakin titi. Ban yi kuka ba, mutane suna kallo.

Babban cikinsu ya ce Hajiya ta ba shi saƙo: tukunya ta rufe komai, kada in je mata da saura. Ni da ita duk mun san kuɗin tukunyar bai kai abin da take bina ba. Ba ta taɓa kiran abin yafiya ba, ni ma ban taɓa yi mata godiya a kai ba.

Na yi makonni ba sana'a. Maigidana ne ya riƙe gidan da facin riguna. Daga baya na ari tukwane biyu ƙanana wurin maƙwabta, ina sayen shinkafa mudu-mudu da kuɗi a hannu. Da na ɗan farfaɗo na sa masu narka gorar-ruwa a wajen Abossey Okai suka zuba mini wata tukunya. Tana da girma, amma ba ta da jiki, in ka juya baya kaɗan ta kama. Da ita na ƙarasa sana'ata. Leburorin nan wasu sun koma garuruwansu, wasu sun zama masu gadi. Kuɗin sallamar ya fito wa wasu bayan ya zama ba ya sayen komai. Akwai waɗanda suka zo suka biya ni, akwai waɗanda ban sake gani ba. Badagomben ya tafi arewa, ya taɓa aiko mini da doya.

Shekaru bayan haka, lokacin maigidana ya fara ɗinki da tabarau, rediyonsa ta cika da gardama a kan ko ya kamata masu kuɗin waje su yafe wa ƙasashe irin tamu bashi. Wasu suna cewa a yafe, wasu suna cewa in an yafe gobe ma za a sake ci. Ya tambaye ni ra'ayina, yana tsokana, wai ni ce na san harkar.

Na ce masa duka biyun na zauna da su a ɗaki ɗaya. Mai cewa kada a yafe ba mahaukaci ba ne, irin tsoron da Hajiya ta ji yake ji, kuma tsoron na gaskiya ne. Amma ni na riƙe ƙaramin ludayi, na ga yadda mutum yake biya bashi yana ƙaruwa, don an rage masa abin da zai yi cinikin da shi. Kuma abin da na lura, mutum yana da ranar da za a ajiye shi a lungu liman ya tsaya ya yi tambaya, mai bin sa ya ji kunyar jama'a da tsoron Allah. Ƙasa ba ta da wannan ranar. Waɗanda suka ci sun tafi, kullum sai a sami wani marar riga a ce shi ya ɗauka, ba a ma tambaye shi ba. In masu bin mu suna jiran ranar jana'iza ne kafin su yafe, ba za ta zo ba, sai dai mutanen ciki su yi ta tafiya ɗaya-ɗaya. Su ɗauki abin da za su iya ɗauka su ce ya rufe.

Ya ce, "Da sun ji ki da sun ba ki kujera."

Na ce, "Benci ya ishe ni."

Hajiya ba ta sayar da tukunyar ba. Haya take ba da ita ga masu biki da suna, daga Nima har Sabon Zango. Nakan gan ta a gidajen mutane a kan murhu, in gaishe da masu girki in wuce. Da auren 'yata ta ƙarshe ya zo, ba tukunyar da za ta ɗauki jama'ar da na gayyata sai ita. Na aika a tambayi kuɗin haya. Hajiya, lokacin ta tsufa ba ta fita, ta ce a gaya mini in ɗauka kawai. Na ƙulle kuɗin cif a gefen ɗankwali na aika mata, na ce ni ba a ba ni aron abin da na san farashinsa. Ta karɓa. Ranar biki da safe sai ga kuɗin sun dawo a cikin ɗankwalin nawa, ko kwance ƙullin ba a yi ba, wai gudummawarta ce ga amarya. Wannan ba yadda zan yi in mayar. Na dafa waken bikin da hannuna, kowa ya ci ya ƙoshi, washegari na wanke tukunyar na shafe ta da mai, na sa aka mayar mata.